Ƙarshen Waƙar da Baba Ya Baro a Birazil

Ni dai a rayuwata ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya iya ƙular da yara kamar baban ƙawata ba, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda nake ganin girmansa kamarsa ba. Mutum ne da zai tara ku, ya ɗauko labari mai daɗi, ya yi ta janku har ku manta da yunwa, sannan daidai inda numfashinku ya tsaya sai ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya ce, "To, iya nan na sani." Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɗan sosu.

A Ƙofar Wambai, cikin garin Bauchi, aka haife ni, amma ina 'yar ƙarama a firamare gwaggona ta ɗauke ni riƙo, ta kai ni gidanta a Fadaman Mada. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wani bakanike, Kirista, mutumin kudancin Bauchi, daga can ƙauyukan cikin duwatsu. Garejinsa a ƙofar gida yake, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin saboda baƙin mai. Kowa a layin Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu. 'Ya'yansa duk mata ne, babu namiji ko ɗaya, autarsu kuma sa'ata ce, ajinmu ɗaya. Ita ce ƙawar da nake magana a kanta, Auta muke ce mata. Ranakun da babu Islamiyya, ko kayan makaranta ba na tsayawa cirewa, sai gareji.

Tun kafin a haife mu, yana saurayi, Baba ya yi aiki da wani kamfanin mutanen Birazil da suka zo gina madatsun ruwa. Suka ga yana da hannu, suka ɗauke shi zuwa ƙasarsu ya koyo gyaran manyan injuna. Shi a zatonsa zai je ya ga teku da 'yan ƙwallo. Ina! Sai aka nausa da shi can cikin ƙasar, wani yanki busasshe, ƙaya da duwatsu da ramammun shanu da awaki. Ya ce da ya sauka daga mota ya duba hagu ya duba dama, sai ya ɗauka direban ya yi ta zagaye ne ya dawo da shi gida. Makiyayan wurin kuwa, saboda tsabar ƙaya, kayan fata suke sawa tun daga hula har takalmi, su da dawakinsu, kamar masu shirin yaƙi alhali saniya ce ta ɓace.

Abin da ya kama zuciyarsa a can kasuwar ƙauye ce. Ya ce akwai masu sayar da 'yan ƙananan littattafai, girman tafin hannu, takarda mai araha, kamar ƙasidun da ake shimfiɗawa a ƙofar masallacin Juma'a. Sai dai su a kan igiya suke rataye su kamar shanya. Kowane da hoto a bangonsa, wanda aka sassaƙa a jikin katako aka buga da baƙar tawada. Mai sayarwa ba ya zama ya jira ciniki. Ɗauko ɗaya yake ya buɗe, ya ɗaga murya yana rerawa, domin yawancin makiyayan ba su iya karatu ba. Jama'a su yi masa zobe, mai akuya ya riƙe igiyarta, mai garin rogo ya ajiye buhunsa.

To, me ake rerawa? Nan ne mamakin. Labaran sarakunan Faransa ne na zamanin da, da jarumai masu sulke, da takubba masu suna kamar mutane, da gimbiyoyin da aka kulle a saman soro. Mutanen da ba su taɓa ganin sarki ba, ba su san inda Faransa take ba, amma tsohuwa za ta tsaya ta yi maka gardama a kan wane jarumi ne ya fi wane zuciya, kamar jikokinta ne. Baba ya tambayi shugabansu a wurin aiki, wani mai karance-karance, shi kuma ya ce masa labaran nan a jirgin ruwa suka zo tare da kakanninsu daga Fotugal, shekaru aru-aru. Turawan da suka ƙirƙire su sun kulle su a ɗakunan karatu, makiyaya kuwa suka riƙe su a baka, uwa tana rera wa ɗa. Kuma sun murɗa su yadda suka ga dama. Sarkin Faransa a waƙarsu yana kukan fari ya kashe masa shanu, gimbiya tana cin naman akuya da mazarƙwaila, jarumi in ya gaji da yaƙi sai ya ɗaura raga tsakanin bishiya biyu ya kwanta.

Baba yana son mutanen nan, so na gaskiya. Yakan ce talakan da ba shi da ruwan sha amma ya ƙi yarda a raba shi da waƙarsa, wannan mutum ne. Ni ma a bakinsa na koyi sonsu, ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba a lokacin.

Akwai wani abu da yake ba gwaggona dariya duk lokacin da aka maimaita. A waƙoƙin nan abokan gaba kullum wasu ƙattin Musulmi ne, kowane kamar rumbu, yana cin sa guda a zaune. Su kuma masu rerawar ba su taɓa ganin Musulmi da idonsu ba. To tare da Baba aka tafi da wani mai walda, Musulmi, ɗan cikin garin Bauchi, ɗan siriri, gajere, mai kunya. Da labari ya bazu cewa akwai Musulmi a sansanin kamfani, ƙauye guda ya taso kallo. Suka zo suka tarar da shi a tsugune yana wanke safa. Baba ya ce wata tsohuwa ta daɗe tana kallonsa, ta girgiza kai, ta koma gida ta kawo masa tuwon masara da madara, wai wannan ai yunwa za ta kashe shi kafin a kai ga yaƙi.

Gwaggo dai ba ta son zamana a garejin, ta ce ba a tatsuniya da rana, mutum ɓata yake. Baba ya aika mata cewa wannan ba tatsuniya ba ce, waƙar kasuwa ce, kuma a can ƙasar da tsakar rana ake yinta. Ta ce to Allah ya kyauta.

Labarai da yawa ya ba mu, kuma kusan dukkansu suna da ƙarshe. Guda ɗaya ne ba shi da shi, kuma shi muka fi nema, don ɗan Adam haka yake. Wani tsohon jarumi ne sarki ya aiko masa ya fito yaƙi, ko ya turo ɗansa. Shi kuwa ya tsufa, gwiwa ta ƙi, kuma 'ya'yansa duk mata ne. Yana zaune yana kuka sai ƙaramar ta ce, "Baba, zauna, ni zan je." Ta aske kanta, ta sa kayan fatarsa, ta hau dokinsa. Ta yi shekaru a fagen fama ba wanda ya gane mace ce, har ta yi aminin da suke cin abinci a kwano ɗaya. Wata rana aka gwabza a cikin busasshen kogi, mashi ya same ta a ƙirji. Aminin ya ɗauke ta ya kai ta ƙarƙashin wata bishiya, ya kwantar da ita, ya sa hannu a kan igiyar rigar fatar zai kwance ya ga raunin.

Nan Baba yake miƙewa.

Mu yi ta ihu. "Baba, sai me? Ta mutu? Ya gane ta?" Shi kuma ya ɗauki sifana ya shige ƙarƙashin mota. Ashe ba mugunta ba ce, shi ma haka aka yi masa. Dabarar masu sayar da littattafan ke nan: su rera har inda ran kowa ya tsaya, sai su rufe littafi su ce wanda yake son saura, ga shi nan a kan igiya. Ranar da Baba ya ji wannan waƙar, daidai lokacin motar kamfani ta fara yi masa oda za ta tashi. Ya yi wuf ya fizgi wanda yake da hoton mahayi a kan doki, ya biya, ya ruga. Yaren nasu ya iya ji da kunne, amma karatunsa sai a hankali. Sai da ya dawo Bauchi ya zauna da ƙamus yana bin kalma ɗaya-ɗaya, sannan ya gane abin da ya sayo labarin wani bijimi ne mai taurin kai da ya gagari makiyaya kamawa. Ashe masu bugawa katako ɗaya suke amfani da shi a bangon littattafai daban-daban, in dai akwai doki a ciki. Ya karance shi tas yana fata yarinyar za ta ɓullo a shafin ƙarshe. Bijimi ne har ƙarshe.

Wani abin da ya ƙara dagula mana lissafi Hausar Baba ce. Kamar mutanen wajensu da yawa, bai damu da raba "ya" da "ta" ba. Kowa "shi" ne, kowa "kai" ne, har matarsa. Don haka a bakinsa yarinyar nan "ya hau doki, ya ja takobi, ya faɗi." Na daɗe ina jin labarin ban gane mace ce ba. Da na gane kuwa, da rawar kaina na 'yar cikin ganuwa, sai na ce, "Baba, ai 'ta faɗi' ake cewa." Ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Kai, malamin Hausa, ai ɓoye kansa yake yi. In na ce 'ta', abokan gaba za su ji." Yaran layi suka fashe da dariya, ni kuma na yi kwana biyu ina fushi.

Auta ba ta cikin masu ihu. Ita shiru take yi ta ƙura masa ido. Tun muna firamare ita ke miƙa masa kayan aiki, kafin mu gama sakandare ta iya sauke giyar mota ita kaɗai, tana sanye da tsohuwar rigar aikinsa da aka naɗe mata hannu. Masu kawo gyara suna tsokanarsa, "Baba, yaron naka ya fi ka." Shi kuma ya washe baki kamar an ba shi kujerar Makka, in ji gwaggo, ko da yake shi ba can ya dosa ba.

Na tafi makarantar koyon aikin ungozoma, ita kuma wata rana ta shigo gida ta ce an ɗauke ta aikin soja, ɓangaren gyaran motoci. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ina gidan a ranar, da idona na ga mamanta ta ajiye muciya ta juya kan Baba. Ta ce, "Ka gani? Kai da labarin yarinyarka da ba ya ƙarewa. Ga shi nan ta tafi ta ƙarasa maka." Baba ya miƙe. Ya fita gareji ya yi ta ɗaure wani noti da yake a ɗaure.

Da farko abin ya zo da sauƙi, domin bayan ta gama horo a barikin Shadawanka aka ajiye ta, nan cikin gari. Duk Lahadi bayan coci tana zuwa gida a kan babur, ta zauna ta soki aikin Baba, ya soki nata. Yana alfahari da ita har abin ya ishi mutane. Duk wanda ya kawo mota sai ya ji cewa motocin yaƙin ƙasar nan ba sa tashi sai Auta ta taɓa su.

Sai aka tura rundunarsu gabas, can inda ake fama. Tana bugo waya lokaci-lokaci, muryarta tana yankewa, ta ce lafiya lau, a daina damuwa, a aiko mata da yaji. Daga baya wayar ta daina shigowa gaba ɗaya. Aka ce babu sabis a inda suke. Mako ya bi mako. Baba ya je barikin ya tambaya, aka ce masa ya yi haƙuri, in akwai labari za a neme shi. Daga nan ya daina ba yara labari. Jikokinsa su zo su kewaye shi, ya ce su je su yi wasa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kullum yana kan benci da rediyo a kunne da waya a cinya. Tsoro ya kama mu duka, amma nasa daban ne, domin shi yana ganin da hannunsa ya kwantar da ita ƙarƙashin bishiyar nan ya tafi ya bar ta.

Cikin wannan hali aka tura ni wani taron ƙara wa juna sani na ungozomomi a Jos. Cikin masu koyar da mu akwai wata likita, 'yar gajeriya mai furfura, aka ce daga Birazil take. Ina jin haka na daina fahimtar darasin. Ana fita shan shayi na tare ta. Turancina ba wani na kirki ba ne, nata ma ya fi nawa karyewa, amma muka lallaɓa. Na tambaye ta ko ta san wani yanki mai ƙaya inda makiyaya ke sa kayan fata. Ta ce can aka haife ta, kakanta ma makiyayi ne. Na ce ko ta san waƙar yarinyar da ta tafi yaƙi a madadin babanta.

Matar nan ta ajiye kofin shayi. Ta rufe ido ta fara rera wani abu ƙasa-ƙasa, ta hanci, muryar tana ja kamar mai kiran shanu daga nesa. Ban ji kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi. Da ta buɗe ido sai ga hawaye. Ta ce kakarta ce take rera mata ita tana tsefe mata kai, kuma rabon da ta tuna da ita tun tana makaranta. Ta kama hannuna tana tambaya, ta yaya waƙar kakarta ta zo Bauchi? Na ba ta labarin Baba da bijiminsa. Ta yi dariya har ta dafe teburi.

Na ce, "To don Allah, da ya kwance rigar, sai me?"

Ta ce, "Wanne kike so?"

Na ɗauka Turancin ne ya sake ba mu matsala. Ta ce a'a, ƙarshen biyu ne. A wani, aminin ya kwance rigar ya ga mace ce, ya ɗaure raunin da rawaninsa, ya rufa mata asiri, ta warke, ya raka ta har ƙofar gidan babanta. A ɗayan kuma kafin ya gama kwance igiyar rai ya yi halinsa, sai wajen wankan gawa aka san ko wace ce. Ta ce kowane ƙauye da wanda ya riƙe, kowane mawaƙi da wanda ya fi so. Kakarta kuwa duka biyun take yi. Shekarar da aka samu ruwan sama sai yarinyar ta rayu, shekarar fari kuma ta mutu, su yi kuka su kwanta.

A motar dawowa na yanke shawara. Na farkon zan gaya wa Baba, na biyun kuwa in haɗiye shi har kabarina. Ko gida ban biya ba, da jakata na sauka a Fadaman Mada. Na same shi a kan bencinsa da la'asar, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, na haɗu da wata 'yar Birazil. 'Yar ƙauyen masu kayan fata."

Ya sauke rediyon a hankali. Ya dube ni ya ce, "Ka samo?"

Na ce, "Na samo."

Na buɗe baki ke nan sai ya ɗaga mini hannu, hannun nan nasa mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ya ce, "Riƙe. Tare da Auta muka fara, tare za mu ji."

Haba! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Baba, tun ina 'yar mitsitsiya kake wahalar da ni da labarin nan, yau na je har Jos na ɗauko maka, ka ce in riƙe?" Ya ce ai yanzu na san yadda ake ji. Ya mayar da rediyonsa kunne. Na tashi ina ƙunƙuni, amma ina fita layin na gane abin da ya hango. In na ce ta rayu, zai ce lallashinsa nake. In na ce ta mutu, na kashe shi. Tsohon nan ya fi ni hankali nesa ba kusa ba.

Haka na yi ta yawo da ƙarshe biyu a ciki, ba wanda zan faɗa wa. Ga shi a shekarar nan damina ta yi jinkiri. Ni da na yi karatun addini, na san babu abin da ya haɗa hadari da ajalin mutum, sai ga ni ina fitowa daga ɗakin haihuwa ina leƙen sama kamar manomi. In na ga gabas ta yi baƙi sai in ji sanyi a raina, in iska ta watsa hadarin sai gabana ya faɗi. In yi istigfari, gobe in sake. Wata tsohuwa a ƙauyen da ban taɓa gani ba, wadda ta daɗe da mutuwa, ta mayar da ni haka.

Ranar wata Talata da hantsi ina wurin aiki yayar Auta ta bugo mini tana kuka tana dariya, da ƙyar na gane abin da take cewa. An dawo da Auta, tana asibitin bariki a Shadawanka, da ranta. Motar da ke gabansu ce ta taka bam ɗin da aka binne a hanya, ita kuma ta sauko ta je janyo direban, sai na biyu ya tashi. Ta daɗe a wani asibiti a can kafin a iya ɗauko ta.

Na nemi izini na fita. Na tsaya na sayi masa mai zafi da miya, don na san abin da za ta fara nema ke nan, na biya na ɗauki Baba a Keke Napep. Mama da sauran sun riga sun wuce. Duk hanya murza hularsa yake a cinya. A ƙofar bariki sojan da ke gadi ya tambaye shi wurin wa ya zo, ni na amsa.

Tana zaune a kan gado an jingina ta da matashi. Ta yi baƙi, ta rame, an aske mata kai saboda ɗinki a bayan kunne. An naɗe mata haƙarƙari, hannunta na dama kuma yana cikin bandeji, kuma ko ba a faɗa maka ba, daga yadda naɗin ya tsuke ka san yatsun ba su cika ba. Hannun da take riƙe sifana da shi. Baba ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Ita ce ta ce, "Baba, shigo mana, ba a biyan kuɗin kallo."

Ya zauna a gefen gadon ya ɗauki hannun da hannu biyu, yana juya shi a hankali, yana dubawa ta sama ta ƙasa, yadda yake yi wa kayan mota in an kawo masa. Ta ce, "Ka daina dubawa, ba a sayar da irinsa a kasuwa." Mama ta ce ta rufe mata baki, yayyenta suka yi dariya suna share ido. Aka yi addu'a, su tasu, ni tawa. Can da ɗakin ya lafa, Auta ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "Ke, an ce kin samo ƙarshen, Baba ya hana ki faɗa."

Na dubi Baba. Ya gyaɗa kai.

Na yi niyyar in faɗi mai daɗin in yi shiru. Amma matar da ke gabana ta ga abin da ban gani ba, ta ɗauki gawarwakin abokan aikinta da hannunta, kunya ta hana ni yi mata labarin yara. Na faɗi na farko, na faɗi na biyu, na faɗi yadda kakar likitar take zaɓa da ruwan sama.

Baba ya ce, "Biyu?"

Na ce, "Biyu, Baba."

"Wato mai waƙa ne yake zaɓa?"

Na ce haka ta ce mini.

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zai yi dariya, ko ya zagi mai littafin nan da ya rufe masa shafi. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Ya ce, "Shekara da shekaru ina ce muku iya nan na sani. Ashe a hannuna yake. Da tun kuna firamare na tashe shi, na ɗaure masa ciwon, na mayar da shi gida wurin babansa ya zauna. Da bai tafi nema ba." Yana faɗa yana riƙe da bandejin, kuma duk wanda ke ɗakin ya san ba yarinyar waƙa yake nufi ba.

Auta ta bar shi ya yi kukansa. Sannan ta matso da kanta kusa da nasa, da ƙyar saboda haƙarƙarin, ta ce, "Baba, ko ka ƙarasa sai na tafi. Ni tun daga inda ta ce 'zauna, ni zan je' na gama jin nawa. Sauran ku ne kuke ta ihu a kai."

Ya ɗago ya dube ta.

Ta ce, "Yunwa nake ji, kuma ban iya ci da hagu ba tukuna."

Na buɗe kular masar. Mama ta miƙo hannu za ta karɓa, Baba ya riga ta. Ya tashi ya je bakin famfo ya wanke hannunsa da sabulu, ya daɗe yana cuɗawa, ya dawo ya zauna. Ya gutsuri masa ya dangwala a miya, miyar tana ɗiga a kan zanen gado, ya kai mata baki. Ta karɓa ta tauna, ta ce ya rage girman loma, ita ba injin tirela ba ce. Ya rage.